Ɗanyen Goro Zuwa Abzin

Saura kaɗan in fasa ba ku wannan labari. Alkawari ne na ɗauka tun ina yaro, kuma wanda na ɗaukar wa ya daɗe a ƙasa, ba halin in koma in ce ya sake ni. To amma ran nan na shiga kasuwar Aboabo neman igiyar ɗaure kaya, na ratsa ta layin masu goro, sai wata mata ta buɗe huhu a gabana. Ƙanshin ganyen fita mai laima ya bugi hancina. Na tsaya cak a tsakiyar hanya, har wani mai yalo-yalo, keken nan mai ƙafa uku, ya danna mini oda ya ce, "Alhaji, in barci za ka yi, ga benci can." Ban ji haushinsa ba. A lokacin ba na Tamale. Ina can kan duwatsun Abzin, a bayan kakana, riƙe da butarsa.

Kakan nawa na wajen uba ne, duk gida Baba Tsoho muke ce masa. Goro ya ci, goro ya sayar, har ƙafa ta gaji ya bar wa babana rumfar. Mutum ne dogo, mai son tsafta da son a yabe shi, kuma abin da ya fi taƙama da shi a duniya haƙoransa. In sun zauna da sa'o'insa a ƙofar masallaci bayan la'asar, sai ya ɗauko goro ya gantsara da na gaba, ƙaras, yadda kowa zai ji, sannan ya dubi na kusa da shi ya ce, "Malam, ko in tauna maka?" Ran layya kuwa shi ke cewa a ajiye masa ƙashi. Sai dai ba mu taɓa ganin ya ci a tsakar gida ba. Ɗakinsa yake shiga da shi ya turo ƙofa, wai babba ba ya cin abinci a gaban yara. Goron ma haka, in ya gantsara sai ya ajiye shi a kumatu ya miƙe. Wani lokaci mukan ji ƙar-ƙar-ƙar daga cikin ɗakin. Na taɓa tambayarsa, ya ce ɓera ne, kuma in na ƙara laɓe masa a ƙofa zai aure duk matan da nake so a unguwa.

Haka muke da shi. "Aboki" yake kirana.

Wata shekara, mangwaro ya nuna, hadarin farko ya fara haɗuwa, sai wani baƙo mai sayar da kanwa da dabino ya sauka a zaurenmu. Fari ne siriri, ya rufe bakinsa da rawani, yana magana kamar mai tsoron tada jariri. Ya ce an ba shi saƙo tun bara, daga baki zuwa baki, zuwa ga ɗan mai goron nan da ya sha nono a wani gari cikin duwatsun Abzin.

A ranar na san asalin kakana. Ashe ubansa fatake ne, yana kai goro daga Gwanja har can sama, ya sauko da dabino da gishiri. A wata tafiya matarsa ta haihu a garin, ba ta tashi ba. Matar mai masaukinsu na goyon 'ya mace, sai ta haɗa su biyun a ƙirjinta. A nan Baba Tsoho ya yi wayo, har ya fara kiwon awaki, kafin ubansa ya ɗauko shi zuwa kudu. Bai sake komawa ba.

Saƙon daga wannan 'yar ne, wadda yake kira Yaya. Ta ce a gaya masa ta tsufa, jiki ya fara sallama. Ta ce tun da ubansa ya daina hawa, ba ta ƙara sa ɗanyen goro a bakinta ba, sai kauɗa, busasshen nan mai kama da tsakuwa, shi kaɗai ke isa wurinsu. Tana so ta ɗanɗana ɗanye ko sau ɗaya kafin a kira ta.

Washegari Baba Tsoho ya tafi kasuwa da kansa.

Gwaggo, babbar 'yarsa, ita ta fi kowa faɗa. "Baba, a shekarunka? Ka ba baƙon ya kai mana." Ya ce baƙon ya san dabino, bai san goro ba, zai kashe shi kafin Bolga. Da ta ga ba zai lanƙwasu ba, ta daina magana ta hau shiri. Ita ta wanke masa riguna, ta daka masa garin fura, ta ɗinka masa wani aljihu a cikin 'yar shararsa ta ciki, wai don takardun hanya. Ita ce kuma ta ce sai an haɗa shi da mai riƙe masa buta. Makaranta na hutu, sai aka nuna ni.

Na ga yadda ya haɗa huhun nan, kuma har yau ban ga wanda ya kai shi ba. Goro ɗaya-ɗaya ya zaɓa, yana juya shi a haske, wanda ke da ɗan tabo ya ture gefe. Ya shimfiɗa ganyen fita, ya jera, ya rufe, ya sake jerawa. Manyan ya sa su a tsakiya. Ya ce mini, "Aboki, goro mai rai ne. Ba ya son rana, ba ya son iska, ba ya son ƙishi. Kamar amarya. Kai ba za ka gane ba, ba mai ba ka."

Muka hau lori. Bolga, Bawku, muka tsallaka iyaka, muka sake tsallaka wata, Yamai, Tawa. Kullum da safe sai ya kwance bakin huhun, ya guntsi ruwa ya fesa wa ganyen, ya mayar ya ɗaure. A hanya kore ya riƙa ƙarewa a idona. Bishiyoyi suka gajarce, suka koma ƙaya, ƙayar ma ta yi nisa da juna. Na lura bai ci goro ko ɗaya ba tun da muka bar gida, shi da ba ya wuni babu shi. Na tambaye shi. Ya ce amana ce, ba a taɓawa. Nama ma in an miƙo a tasha sai ya ce cikinsa, ya dama furarsa.

Mu mutanen Tamale muna ganin mun san wahalar ruwa. In famfo ya ɗauke, muka bi layi da jarka, sai mu yi ta mita kamar mu kaɗai Allah ya jarraba. Sai da muka wuce Agadas na san cewa wasa muke yi. Daga can wata tsohuwar babbar mota muka samu mai hawa duwatsu, cike da buhunan gero da mutane a kai. Ruwan kowa na cikin salka a rataye a gefen mota, kuma direba ne ke rabawa, kofi ɗaya ga mutum, safe da yamma. Safiyar farko ya ga Baba Tsoho ya roƙi ƙari yana fesa wa ganye. Bai ɗaga murya ba, can ba a ɗaga murya. Cewa ya yi, "Baba, a wannan hanyar mutum ke sha, sai dabba. Ganye ba ya cikin lissafi."

Baba Tsoho ya ce gaskiya ne, ya ba shi haƙuri.

Daga ranar, in an miƙo masa kofinsa, sai ya juya baya, ya guntsa, ya riƙe a baki ɗan lokaci don harshe ya jiƙa, sannan ya fesa wa huhun. Abin da ke wucewa maƙogwaronsa bai fi a jiƙa tsumma ba. Kamar da gangan, motar ta lalace a cikin wani busasshen kwari, muka yi kwanaki muna jiran a ɗaure abin da ya karye. Iskar wurin ba ta da ƙura, tsaf take, amma tana tsotse mutum. Leɓunansa suka tsage. Muryarsa ta shaƙe har tsokanar ma ta daina fitowa, kuma wannan ne ya fi ba ni tsoro. Na miƙa masa nawa kofin. Ya ture.

"Sha abinka. In ka bushe, Gwaggonka za ta fesa mini abin da ya fi ruwa."

Ya sa huhun a ƙarƙashin mota, wurin inuwa, ya rufe da babbar rigarsa, shi ya zauna a gefe da 'yar shara. Na ji fasinjoji na magana ƙasa-ƙasa da harshensu suna kallonsa. Ban san ko yabo ne ko cewa suke tsohon ya taɓu ba. Ina jin duka biyun ne.

Muka isa garin da yamma, rana ta yi sanyi.

Na yi yawo a duniya, Alhamdulillahi. Na ga Abijan, na ga Ikko, na ga Makka da Madina, na je har ƙasar Sin sayen kaya. Amma ban taɓa shiga gari da ya sa na rage sautin takuna da kaina ba sai wannan. Ɗan mitsitsi ne, a cikin kwari, baƙaƙen duwatsu sun kewaye shi kamar an kifa tukwane. Gidajen na dutse ne da laka, gajeru, launinsu ɗaya da ƙasar, sai ka matso kake gane gida ne. Rabinsu ba kowa, rufin ya faɗa, awaki ke shiga su fita. A ƙasan kwarin kuma sai ga kore, kore sosai, dabino da rumman da alkama, kamar an yanko wani yanki na kudu an ɓoye a nan. Ƙara ɗaya ce a garin duka. Wani sa ne ke jan guga a rijiyar lambu, yana tafiya yana dawowa, itacen da igiyar ke bi yana kuka a hankali, sai ka ji ruwa ya zube. Da direba ya kashe mota, kunnena ya yi ta ƙugi don rashin sabo.

A Tamale in baƙo ya sauka, kafin ya ajiye jaka unguwa ta san sunan kakarsa. A nan ba wanda ya rugo. Wani dattijo ya taso daga gindin bango, ya miƙa hannu, suka riƙa shafar tafin juna da Baba Tsoho suna gaisawa kamar masu raɗa. Baba Tsoho ya kasa haƙuri, ya ambaci gidan, ya ce, "Tana nan?"

"Tana nan," in ji dattijon. "Sha ruwa tukuna."

Muka same ta a tsakar gida a kan tabarma, ta jingina da bangon da rana ta ɗumama. Ƙarama ce ƙwarai, cikin baƙin zane, idanun sun yi fari-fari. Baba Tsoho, mutumin da ban taɓa gani ya durƙusa wa kowa ba, ya zube a gabanta ya ce, "Yaya." Ta miƙo hannu ta lalubi fuskarsa, ta wuce gemu, ta kama kunnensa na hagu. Akwai wani ɗan gibi a gefen kunnen, wanda ya sha gaya mana wai kibiya ce ta shafe shi a hanyar fatauci. Ta tsaya a kan gibin.

"Shi ne," ta ce wa jikarta da ke tsaye. "Ni na cije shi. Dabinona ya sata."

Na dubi Baba Tsoho. Ya dubi sama.

Bai jira an gama gaisuwa ba ya jawo huhun. Ganyen sama ya marmashe a yatsunsa kamar tsohuwar takarda. Jerin farko duk ya yamutse. Na biyu ma haka. Yana cirewa yana ajiyewa gefe, ni kuma ina kallo, don na san abin da aka biya da maƙogwaro. Sai can tsakiya ganyen ya fara yin laushi, ƙanshin nan ya taso. Manyan da ya ɓoye a ciki suna nan, sumul, jajaye da farare, da sanyinsu. Ba su da yawa. Tafin hannunsa biyu ya ɗauke su duka. Ya zuba mata a cinya.

Ta ɗauki ɗaya ta kai hanci, ta daɗe. Sannan ta kira jikar.

"Kai wa liman wannan."

Yarinyar ta fita da gudu ta dawo. Wannan na mai san da ke jan ruwa. Wannan na wadda ta haihu ran nan. Wannan na direba, tunda shi ya kawo su. Wannan na maƙwabciya, "duk da ba ma shiri, kada ta ce." Ina kallon fuskar Baba Tsoho, kowane goro ya fita ƙofa kamar an zare masa jijiya. Da ya ga abin na neman ƙarewa ya matsa ya ce a hankali, "Yaya, dominki fa na kawo."

"Na sani. Ai shi ya sa nake rabawa. Da naka ne da ban taɓa ba."

Daga baya na fahimci haka garin yake. Duk abin da ya hawo ta hanyar nan, sukari ne ko shayi ko labari, sai ya leƙa kowace ƙofa kafin ya zauna a gidan da aka kawo shi. Wanda ya ci shi kaɗai, ba mai yi masa faɗa. Sai dai ya sani, kowa ma ya sani, kuma gari ne da ba inda za ka ɓuya.

Guda ɗaya ya rage, fari. Ta juya shi a hannu, ta kai baki, sai ta tsaya. Ta fashe da dariya, kuma a nan na ga bakin. Babu ko ɗaya. Dasashi ne kawai, kamar na jariri.

"Ka ga tsufa," ta ce. "Na aika maka tun daga nan har Gwanja, na manta da wannan."

Jikar ta ce a daka a turmi. Tsohuwar ta ce turmin gidan barkono ya sani, goro ɗaya zai ɓata a ciki. Aka ce dutsen niƙa. Baba Tsoho ya girgiza kai, ya ce dutse zai shanye ruwansa ya bar dusa. Su can kauɗa suka saba da ita, jiƙa ta suke yi su tsotsa, ba su da abin da ake yi wa ɗanye. Sai ta rufe goron a tafinta ta ce, "Bar shi. Ƙanshin ma ya isa. Na gode, ƙanena."

Daga nesa san nan na tafiya yana dawowa.

Baba Tsoho ya juyo ya dube ni. Ya daɗe yana kallona, kamar mai auna ko za a iya aika ni wani wuri. Ba inda za a aike ni. Ya yi ajiyar zuciya, ya sa hannu cikin rigarsa, cikin aljihun nan na takardun hanya, ya fito da wani abu a naɗe a tsumma. Murfin gwangwanin kifi ne, an huhhuda shi da ƙusa, an lanƙwashe gefen don kada ya yanki hannu. Ya yi ja don amfani. Magogin goro, irin na tsofaffin da yake yi wa dariya a ƙofar masallaci.

Ya ɓare goron, ya ɗora a kai. Ƙar-ƙar-ƙar.

Ɓeran ɗakinsa ke nan.

Tsohuwar ta karkata kai tana saurare. "Wannan ƙarar hannun da ya saba ne," ta ce. "Kai ma?"

"Na gaba suna nan," in ji shi.

"Na gaba na gaisuwa ne."

Ya tara garin a tafinsa ya juye mata a nata. Ta zuba a baki, ta rufe ido. Muka zuba mata ido mu kuma. Sai ta yamutsa fuska.

"Haka yake da ɗaci? Ni da zaƙi na tuna shi."

Na ga kafaɗun Baba Tsoho sun sauka. Amma ɗan goro ne, nan take ya ɗago ya ce wa yarinyar ta kawo ruwa. Aka kawo a ƙwarya, mai sanyi, daga rijiyar lambu. Tsohuwar ta kurɓa. Ta tsaya. Ta sake kurɓa, a hankali, sai fuskar ta warware gaba ɗaya.

"Yawwa," ta ce. "Ga shi nan. Babanka yakan ba ni ɓari, in ruga rijiya." Ta goge bakinta da gefen zane. Sauran garin goron ta mayar masa a hannu, ta tura masa ƙwaryar. "Ci, ka sha. Kuma ka haɗiye. An gaya mini abin da kake yi da rabonka a hanya."

Ya ci a gabana, ya sha har ƙwaryar ta rufe masa fuska.

Mun yi kwanaki a garin. Ya zaga da ni tsohon masallacinsu, wanda sai ka sunkuya kake shiga, rairayi ne shimfiɗarsa, kuma ba wanda ya san wanda ya gina shi. Ya nuna mini wani ɗaki a jikin dutse, mai sanyi kamar randa, inda ubansa ke ajiye huhu. Ya nuna mini wajen da uwarsa take, duwatsu ne kawai a jere, ba a bambanta na kowa. Da safe sanyi har ƙashi, a ba mu nonon akuya da cuku da dabino. Da yamma su biyun su zauna a gindin bango suna musu a kan wa ya fi wa rashin ji. Ranar tafiya ya ajiye mata magogin a tabarma, ya ce in an jiƙa kauɗa yana cinta.

Muna saukowa daga dutsen ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Aboki, in na ji wannan magana a Tamale, na san bakin da ta fito." Na yi alkawari. Ya koma ƙofar masallaci ya ci gaba da gantsara goro da tsokanar mutane har ƙarshen ransa. Labarin rasuwar Yaya ya iso mana da damina ta zagayo, daga baki zuwa baki, yadda saƙonta ya zo.

Yanzu in za ka aika abu, sai ka ba mota ka kira a waya. Ruwa a leda yake, ana sha rabi a jefar. Yaranmu ba sa cin goro, wai yana ɓata haƙori, sai a wajen ɗaurin aure su karɓa su sa a aljihu ya bushe. Tamale ta cika ta batse, babura ba sa barin mutum ya ji tunaninsa. Ban ce da ta fi yanzu ba, ni ma ina son fanka da ruwan sanyi. Sai dai wani lokaci, in hayaniya ta yi yawa, nakan nemi ƙarar san nan a cikin kaina, yana tafiya yana dawowa. Ni ma bara likita ya cire mini turame biyu, kuma na lura na fara turo ƙofa in zan ci nama.

Da na baro kasuwa ran nan, ban wuce gida ba. Unguwar Lamashegu na nufa, wurin Gwaggo, wadda yanzu ta kai shekarun da tsohuwar can take da su. Na ce a raina in zan karya alkawarin, gara in fara da mai haƙƙi. Na zauna kusa da ita, na rage murya, na ba ta labarin tun daga salka har zuwa aljihu. Na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, Baba ba shi da turame. Ya ɓoye wa kowa."

Ta daɗe tana kallona, irin kallon da ake yi wa yaron da ya zo da gudu ya ce ya gano rana a gabas take fitowa. Sannan ta ce, "To da kuka dawo ba shi da magogin, wa kake tsammani ya huda masa sabo?"